Yadda Ake Samun Intanet da Talabijin Masu Ɗorewa a Motar Gida

Motar gida, wato irin wadda aka gina wa gado da kicin da bayi don a kwana duk inda dare ya yi, tana da matsalar da gidan ƙasa bai san da ita ba. Ƙarfen sabis ɗin da ya yi maka aiki jiya, yau dutse ya shiga tsakaninku. Tashar da ka kalla da daddare ta koma wata mita da ka yi gaba, bishiyar da ka fake a inuwarta kuma ita ce ta rufe maka tauraron ɗan'adam. Don haka babu wata na'ura guda da za ka saya ka huta. Abin da ke ɗorewa shi ne ka tanadi hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba, ka ɗora eriya inda ya kamata, ka tabbatar batirinka zai ɗauki nauyinsu.

Lissafi kafin sayayya

Data da wuta za ka fara ƙididdigewa. Bidiyo ne ke cinye data, sauran abubuwa lasa kawai suke yi. A ƙiyasin Netflix, awa ɗaya ta hoto matsakaici tana cin har 1GB, ta HD har 3GB, ta 4K har 7GB. Mai kallon HD awa biyu kowane dare zai ƙone kusan 180GB a wata tun bai buɗe saƙo ko ɗaya ba. A allon inci 22 ko 24, irin wanda aka fi sa wa a mota, 4K asara ce zalla, ido ba zai ga bambancin ba. Ka shiga saitin manhajar ka rage ingancin hoton, sannan ka hana waya da kwamfuta sabunta kansu ko kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet sai da izininka.

Wuta kuwa ana lissafa ta da wat sau awa. Rauta, wato na'urar da ke kamo intanet ta rarraba shi ta Wi-Fi, mai cin wat 10 da aka bari a kunne dare da rana ta sha 240Wh, kusan 20Ah ke nan a batirin 12V. Talabijin mai wat 30 na awa huɗu, 120Wh. Ƙaramin Starlink, farantin da ke kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, na awa takwas, wajen 240Wh. Jimilla 600Wh. Batirin dalma ko AGM mai 100Ah yana ɗauke da kusan 1,200Wh, amma rabi kaɗai ake ɗiba in ana so ya yi ƙarko. Ka ga sadarwa da kallo sun kwashe kason nan duka, ba a yi maganar firji da fitilu ba. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai girma ɗaya yana ba da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ba tare da ya lalace ba. Sola mai wat 200 da ke kwance a rufi kan mayar da kimanin 600Wh zuwa 800Wh a yinin da rana ta buɗe, amma in hadari ya rufe ko lokacin sanyi a ƙasashen da rana ke gajarta, abin yakan faɗi ƙasa da rabi.

Sabis ɗin waya: ginshiƙin komai

A yawancin wuraren da titi ya kai, 4G ko 5G ne zai ɗauke ka. Buɗe wa kwamfuta intanet daga wayar hannu yana isa ga tafiyar kwana biyu, amma jikin mota na ƙarfe ko alminiyam yana tare sigina, wayar tana yin zafi, kuma duk sadda mai ita ya fita da ita kowa ya yanke. Mafita ita ce rauta mai cin sim da eriya a kan rufi.

Wajen zaɓen rauta, duba abu huɗu. Na farko, ta ɗauki sim biyu kuma ta iya komawa na biyu da kanta in na farko ya mutu. Na biyu, ajin modem ɗinta: Cat 4 tsohon yayi ne, mita ɗaya yake kamawa a lokaci guda, Cat 6 zuwa sama kuwa suna haɗa mitoci biyu ko fiye, abin da ke taimakawa ƙwarai a wurin cunkoso. Na uku, ta san mitocin ƙasashen da za ka bi. Ƙananan mitoci, 600 zuwa 900MHz, su ne ke zuwa nesa su ratsa daji da kwari, irin su Band 20 da 28 a Turai, ko 12 da 13 da 71 a Amurka. Rautar da aka yi wa kasuwar wata nahiya tana iya aiki lafiya a birni, ta kurmance da zarar an fita ƙauye, don ba ta da waɗannan. Na huɗu, ta karɓi wutar batir kai tsaye. Da yawa daga na kamfanin Teltonika suna cin 9V zuwa 30V, ba sai an bi ta infata ba.

Sim biyun su zama na kamfanoni biyu masu ƙarafan sabis daban. A nan mutane ke yawan faɗawa rami: ƙananan kamfanoni da dama hayar layin manya suke yi, sai mutum ya riƙe sim biyu masu suna daban alhali ƙarfe ɗaya suke sha, in ya ɗauke su ɗauke tare. Ka kuma karanta sharuɗɗan tsarin da ake kira mara iyaka. Wasu suna hana sa sim ɗin a rauta, wasu suna rage gudu bayan wani adadi, wasu suna tura ka bayan layi duk sadda ƙarfen ya cika. In ka sa sabon sim sigina ta nuna amma shafi ya ƙi buɗewa, sau da yawa APN ne, wato sunan ƙofar intanet ta kamfanin sim da ake sawa a saitin rauta, ba a rubuta daidai ba.

Mai tsallaka iyaka ya lura. A Tarayyar Turai, tun 15 ga Yuni 2017 ana amfani da sim na wata ƙasar ƙungiyar ba ƙarin kuɗi, har da Norway da Iceland da Liechtenstein, amma akwai ƙa'idar amfani daidai kima: data tana da iyaka, kuma wanda ya fi zama a waje fiye da gida cikin wata huɗu ana iya fara cajinsa. Suwizalan ba ta cikin tsarin, Birtaniya ma ta fita. Wanda zai daɗe a wata ƙasa, sim ɗin ƙasar ko eSIM, wato sim da ake saukewa ba tare da kati ba, ya fi masa sauƙi.

Eriya da ɗora ta

Eriyar rufi mai kamawa ta kowace fuska ita ce ta yau da kullum, don ba ta buƙatar saiti. Ka sayi mai MIMO, wato eriya biyu ko huɗu a cikin murfi ɗaya, daidai da yawan bakunan rautarka. 4G da 5G suna aika bayanai ta hanyoyi da dama a lokaci guda, in ka jona baki guda kawai ka bar sauran, ka yar da rabin gudun da ka biya.

Wayar eriya tana shanye sigina, kuma kowane 3dB da ya ɓace rabin ƙarfi ne ya tafi. Siririyar waya irin RG58 tana iya cinye fiye da 3dB a mita 5 a manyan mitoci, ka ga duk ribar eriyar ta ƙare a hanya. Kada wayar ta wuce mita 2 zuwa 3. Gara ka kai rautar kabad ɗin da ke ƙarƙashin eriya ka ja mata wuta, da ka ja wayar eriya zuwa inda rauta take. In dole sai an yi nisa, a sa mai kauri irin LMR-240. Kada ka haɗa da wayar talabijin: ita om 75 ce, ta sabis da Wi-Fi om 50. Bakin SMA na sabis da RP-SMA na Wi-Fi kamarsu ɗaya, suna ma ɗauruwa da juna, amma allurar tsakiya ba ta haɗuwa, sai ka ga an jona komai babu sigina.

Ga yadda ake ɗorawa. Zaɓi wuri mai fili, aƙalla rabin mita daga na'urar sanyaya ɗaki da duk wani ƙarfen da ya ɗaga sama, inda kuma inuwar eriyar ba za ta faɗa kan sola ba. Daga ciki ka bincika ka tabbatar babu wayar wuta ko ƙashin rufi a wurin. Huda ƙaramin rami tukuna, ka leƙa ta sama da ta ƙasa, sannan ka faɗaɗa. In rufin ƙarfe ne, shafa fentin hana tsatsa a bakin ramin. Goge wurin ya rabu da maiƙo, ka sa gam irin na rufin mota, kamar Sikaflex. Silikon na banɗaki ba ya jure rana da girgiza, bayan 'yan watanni zai saki, ruwa ya riƙa shiga cikin rufi yana ruɓar da katako ba wanda ya sani. In rufin na faiba ne, duba takardar eriyar, domin wasu suna buƙatar farantin ƙarfe a ƙarƙashinsu kafin su yi aiki sosai. Wutar rauta ta fito daga batirin ɗaki, kada ta fito daga na inji, da fis kusa da batirin da makunni a inda hannu ke kaiwa. Da ka gama, auna sabon tsayin motar ka rubuta ka manna a gaban direba saboda gadoji.

Gano abin da ke damun sabis

Sandunan sigina na fuskar waya ba abin dogaro ba ne. Shiga shafin rauta ka duba lambobi biyu. RSRP ƙarfin sigina ne: -80 zuwa -90 yana da kyau, -100 ana lallaɓawa, daga -110 zuwa ƙasa an kai gaɓa. SINR tsabtar sigina ce: sama da 13 lafiya lau, ƙasa da 5 akwai hayaniya, ƙasa da sifili kusan ba aiki.

In RSRP ne ya yi ƙasa, nisa ko shinge ne matsalar. Matsar da motar mita 50 zuwa tudu ko bayan gini yakan fi kowace na'ura amfani, bayan haka sai eriya mai fuskantar gefe ɗaya a kan doguwar sanda, a juya ta a hankali, a dakata daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowane matsayi kafin a karanta lambar. In RSRP yana da kyau SINR ya lalace, ƙarafa da yawa ne ke magana a kan juna, nan ma eriya mai fuska ɗaya ce magani. In duka biyun suna da kyau amma intanet yana rarrafe, musamman daga magariba zuwa dare, cunkoso ne: rijiya ɗaya, masu guga da yawa. Babu eriyar da ke gyara wannan. Koma ɗayan sim ɗin, ko ka kulle rautar a wata mita da ba a cika ba. Sau da yawa 1800 ko 2600MHz mai rauni ya fi 800MHz mai ƙarfi gudu, saboda kowa ya taru a kan na ƙasan. Ka tuna ka cire kullin kafin ka tashi.

Busta fa, wato na'urar ƙara ƙarfin siginar waya? Amfaninta ƙanƙane ne. Tana taimaka wa kiran murya a inda sigina ta kusa ƙarewa, amma tana ƙara hayaniya tare da sigina, kuma hanya ɗaya take bi, MIMO ya tashi a banza. In eriyarta ta ciki da ta waje suka kusanci juna sai ta riƙa jin kanta, ta rage ƙarfi ko ta kashe kanta. Dokarta ma ta bambanta: a Amurka sai wadda hukumar FCC ta amince da ita kuma a yi mata rajista da kamfanin waya, a ƙasashe da yawa kuwa laifi ne a kunna ta ba izini.

Wi-Fi na wuraren yada zango ganima ce in an samu. Rautoci da yawa suna iya kama shi su rarraba a cikin mota, shiga ɗaya ta wadatar da duk na'urori. Sai dai layi ɗaya ne aka raba wa kowa. Yi amfani da shi da asuba ko tsakar dare wajen sauke finafinai da sabunta manhajoji.

Starlink

Inda babu ƙarfen sabis sam, sai tauraro. Taurarin Starlink na kamfanin SpaceX suna kewayawa a tsayin kusan kilomita 550, shi ya sa jinkirinsu bai wuce na layin waya da yawa ba, har taron bidiyo ana yi. Babban faranti yana cin wat 75 zuwa 100, kuma galibi ta infata ake ba shi wuta, ita ma ta ci nata kashi 10 zuwa 15. Ƙaramin, Starlink Mini, yana cin wat 25 zuwa 40 kuma yana karɓar 12V zuwa 48V kai tsaye. Ga mai dogaro da batir, zaɓin a bayyane yake.

Abu biyu ke ba da wahala. Na farko shinge. Farantin yana buƙatar sararin sama mai faɗin kusan digiri 110, kuma da yake taurarin tafiya suke, reshe ɗaya ya isa ya riƙa katse layin na 'yan daƙiƙoƙi duk bayan 'yan mintoci. Mai kallon fim ba zai ji ba don manhaja tana tara na gaba, mai taron bidiyo kuwa zai sha wuya. Duba sama da kyamarar manhajarsu kafin ka kafa zango. Farantin da aka kafe a rufi ya fi sauƙi, amma wanda ake ɗauka a ajiye a fili yana ba ka damar barin motar a inuwa. Na biyu faɗuwar wuta a waya. Waya mai kaurin 1.5mm² da tsawon mita 5, zuwa da dawowa mita 10 ke nan, tana zubar da kusan 0.6V in ana jan amfiya 5. In wayar ta fi haka tsawo ko siranta, sai Mini ya riƙa mutuwa yana tashi. A gajarta wayar, a ƙara kauri zuwa 2.5mm², ko a sa na'urar ɗaga wuta zuwa 24V ko sama. In ta USB-C ne, sai caja mai wat 100 da ke ba da 20V. Kafin tafiya ka tabbatar tsarinka na yawo ne, ya yarda da amfani ana cikin gudu in kana son haka, kuma ƙasar da za ka shiga ta ba Starlink lasisi, domin ba duka suka ba shi ba.

Talabijin ta eriya

Wannan ce hanyar da ba ta cin data ko kaɗan. Ka fara tabbatar da akwatin ya san yaren ƙasar: DVB-T da DVB-T2 a Turai da Afirka da yawancin Asiya, ATSC a Arewacin Amurka, ISDB-T a Japan da yawancin Kudancin Amurka. Ko a cikin DVB-T2 akwai bambanci, Jamus tana amfani da tsarin matse bidiyo na HEVC, tsohon akwati zai jero sunayen tashoshi ya kasa nuna hoto.

Kowane sabon zango sai an sake neman tashoshi. Ɗaga eriyar, dubi inda eriyoyin gidajen wurin suka fuskanta da yadda aka ɗora su, a kwance ko a tsaye, ka kwaikwaya. Kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara wa eriya ƙarfin sigina, ka sa akwati ya bincika. Hoton dijital ba ya dusashewa a hankali, ko ya fito tas ko ya farfashe, saboda haka ma'aunin inganci za ka kalla kana juyawa. In kana kusa da tashar watsawa hoto yana farfashewa, sigina ce ta yi yawa, rage amfilifayar. In hoto ya lalace da zarar an kunna fitila ko an jona caja, fitilar LED ce ko cajar USB mai arha ke watsa hayaniya, kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Matatar 4G a kan wayar eriya tana hana rautarka da ƙarafan sabis na 700MHz kutsawa. In wurin zango ya ba ka wayar talabijin ta kebul, kashe amfilifayar, in ba haka ba ba za ka ga komai ba.

Talabijin ta dish

Taurarin talabijin suna tsaye wuri ɗaya a tsayin kilomita 35,786 bisa layin ikwaita, don haka mai arewacin duniya kudu zai fuskanta, mai kudanci kuma arewa. Kowane tauraro yana da yankin da yake haskawa. Astra da ke 28.2° gabas, mai ɗauke da tashoshin Birtaniya, yana raunana in aka gangara kudancin Faransa da Sifen. Astra 19.2° da Hot Bird 13° gabas sun fi faɗi a Turai, Nilesat 7° yamma da Badr 26° gabas kuma na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne. A tsakiyar yanki dish mai santimita 60 zuwa 65 ya isa, a gefe sai 85, kuma ƙaramin dish ne ruwan sama ke fara kashewa.

Mai saitin hannu ya bi wannan tsari. Daidaita motar ko ƙafar dish ɗin kada ta karkata. Samo lambobi uku daga manhajar neman tauraro: fuska, ɗagawa, da murɗin LNB, wato na'urar da ke bakin hannun dish mai karɓar sigina. Saita ɗagawa da ma'aunin da ke jikin mariƙin, kada ka bi ido, domin dish irin na yau yana kallon sama da digiri 20 da wani abu fiye da yadda fuskarsa ta nuna. Murɗa LNB. Tsaya nesa da motar ka ɗauki fuska da kamfas, don ƙarfen mota yana ruɗa allura. Sa dikoda a tashar da ka san tana tauraron, ka juya dish ɗin kaɗan kaɗan kana dakatawa daƙiƙa biyar. Ma'aunin ƙarfi yana tashi a kan kowane tauraro, har ba tauraro ma in dai LNB yana samun wuta, na inganci ne kawai ke tabbatar da ka kama naka. Ɗaure kusoshi kana kallon ma'aunin, don ɗaurin kansa yana gusar da saiti.

Game da shinge, in ɗagawar digiri 45 ce, nisanka da bishiya ya kai tsayin da ta fi dish ɗin. In 30 ce, sai ya kusa ninka tsayin sau biyu. In ma'aunin ƙarfi ya nuna sifili, duba bakin wayar: silin ƙarfe ɗaya daga ragar waya da ya taɓa allurar tsakiya ya isa ya kashe wutar 13V ko 18V da dikoda ke aika wa LNB. Cire dikoda daga wuta kafin ka taɓa bakin, ka naɗe na waje da tef mai hana ruwa, ka bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga mota don ruwa ya ɗiga waje.

Dish mai neman tauraro da kansa yana ɗauke maka duk wannan, amma nauyi ne a kan rufi da ke rage kayan da doka ta yarda ka ɗauka, kuma in aka canja mitocin tauraro sai an sabunta manhajarsa, in ba haka ba ya yi ta juyi ba ya tsayawa. A haɗa shi da makullin mota yadda zai kwanta da kansa da an tada inji, a kuma kwantar da shi duk sadda iska ta taso, domin iska mai ƙarfi tana lanƙwasa hannunsa ko ta ɗaga gam ɗin gindinsa.